Farin Ƙyallen Baffa Sale

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Baffa Sale, ƙanin mahaifina. Kada ku tambaye ni wane kabari ne nasa. A Makka ba a sa suna a kan kabari.

Wanzami ne, a unguwar Tandabawi, nan Makka, aka haife shi, amma har ya mutu takarda baƙo take kiransa. Bayan magariba tsofaffi 'yan ɗariƙa sukan taru a ɗakinsa. Sai ya rufe taga, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, su kewaye shi suna wazifa ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi. Kakarmu ce ta taho da ƙyallen nan daga Kano, ta ratsa Chadi da Sudan da ƙafa. Baffa ya sha gaya mini: "Ɗana, in na mutu, wannan ne likkafanina."

Wata rana 'yan hisba, masu sanda da ɗangalallen wando, suka banko ƙofa. Suka ce bidi'a ce. Suka naɗe ƙyallen, suka ce in ya ƙara tara mutane sai tarhil, a kora shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Tayyib ya shaikh, ku dai bar mini zanen." Ba su bari ba. Bai sake tara kowa ba. Da ya rasu, da yadin gidan wankan gawa muka rufe shi, irin na kowa.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina da ido. Yau masu sandan sun ɓace. Kiɗan da aka ce wuta ne, tikitinsa ake sayarwa a Jidda. Ba wata aya aka saukar ba. Daga sama aka ce a sassauta, masu huɗuba suka ce amin, yadda suka ce amin da aka ce a matsa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Baffa, da kana nan na san abin da za ka ce: "To, tunda an yafe wa ganga, a maido mini zanena."

Na sayi wani farin yadi a unguwar Kudai, inda nake haya. Ni kaɗai nake shimfiɗa shi, 'ya'yana na wucewa suna hirarsu da Larabci. Ba mai buga mini ƙofa. Amma ban taɓa iya zama ba sai na rufe taga. Wazifar da tsoron, tare ya bar mini su. Allah Ya ji ƙanka, Baffa.