Goggo, Kunnenki Bai Taɓa Toshewa Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Goggo, a ɗakin wankin ƙoda na asibitin da kika daɗe kina zuwa. Ni 'yar yayanki ce, ni na zauna da ke a shekarunki na ƙarshe, don haka ina da bakin faɗin abin da na gani, kuma zan faɗa ko da bai yi wa wasu daɗi ba.

Kin yi rayuwarki kina buga takardu a ofis, har ciwon suga ya cinye miki ido. Da gani ya tafi, kowa ya ɗauka saura ki zauna a kujerar bakin taga ki jira. Sai ga shi wata safiya kin ce in nemo miki inda ake koyon kiɗa a intanet. Na ɗauka rediyo kike so. Kika ce a'a, koyo kike so, daga tushe. A ranar kika ba ni labarin malamar firamarenku, wadda ta ce kunnenki a toshe yake, in 'yan aji suna waƙa ki riƙa motsa baki kawai kada ki ɓata musu. Kin yi yadda ta ce har kika yi jikoki.

Na samo miki wani shafi na horar da kunne, na saita wayarki ta riƙa karanta miki komai. Shafin yakan buga sauti biyu, ya tambaya wanne ya fi tashi sama. Da farko kusan duk amsoshinki kuskure ne. Ni nakan ji kunya a madadinki, ke kuwa dariya kike yi, kina cewa abin nan ba shi da ta ido, amma ya fi malamarki haƙuri, tunda bai taɓa cewa ki yi shiru ba. A hankali kika fara gane tazarar da ke tsakanin sauti da sauti. Kika koma darasin bugun kiɗa, kina ƙwanƙwasa hannun kujera da yatsun nan da suka saba da keken rubutu, har fentin wurin ya goge.

Surutu ya taso a dangi. Aka ce tsohuwa da iyafis a kunne kamar 'yar makaranta, abin ba tsari. Babban ɗanki ya zo ya ɗauke wayar, ya ce likita ya ce ki huta. Ba ki ɗaga murya ba. Kika miƙa masa tafin hannu kika ce, "Ido ya tafi ban yi faɗa da kowa ba. Kunnen nan dai nawa ne. Ba ni wayata." Hannun yana nan a miƙe, ba ki sauke ba, har sai da ya ajiye ta a ciki.

Da aka fara yi miki wankin ƙoda, kika tafi da darasinki asibiti. A gadon da ke kusa da naki akwai wani tsohon tela wanda ya gaji da jinya, ya fara ƙin zuwa, matarsa tana kuka a baranda. Kika ba shi kunne ɗaya na iyafis, kika ce ya faɗa miki wane sauti ne a sama, in ya iya. Ya faɗa, ya faɗi. Kika yi masa tsiya sosai, kika ce ashe akwai wanda ya fi ki toshewar kunne. Ya ce sai ya rama. Don ya rama ɗin ya dawo a zama na gaba, ya ci gaba da dawowa. Har nas-nas suka san kada su raba gadajenku.

Ba zan ƙara miki abin da ba ki yi ba. Ba ki zama mawaƙiya ba, ba ki taɓa fiyano na gaske ba. Har kika bar duniya kina fama da darasin sautuka uku a haɗe, masu zuwa iri biyu, waɗanda kika raɗa wa suna mai fara'a da mai ɗaure fuska, kuma kina yawan rikita su. Amma na ji ki da kunnena kina rera wa jikarki waƙar barci, muryarki a daidai, ba ta zame ba. Da kika gama kika tambaye ni ko kin ɓata, na ce a'a. Kika ce kin sani, so kike kawai wani ya shaida.

Wajen zaman makoki wata daga cikin dangi ta ce Allah ya yafe miki shirmen da kika ƙare rayuwa a kai. Na yi shiru a lokacin don girman wurin, yanzu ga amsata. Sallarki ba ta taɓa wuce lokaci saboda waya ba, ni shaida ce. Mace ta rasa ido, ƙodarta ta gaza, ta tashi kowace safiya da abin da take ɗokin koyo, har ta janyo wani daga bakin yanke ƙauna. Wanda ya kira wannan shirme, ya zo ya nuna mana abin da ya yi da lafiyayyun idanunsa.

Allah ya jiƙan ki, Goggo, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinki, ya mayar miki da ganinki a gidan da ba a ciwo. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifina, ga 'ya'yanki da jikokinki, da babban ɗanki wanda ya fi kowa kuka ranar da aka kai ki. Ina kuma yi wa tsohon tela ta'aziyya, wanda ya zo gaisuwa a kan keken marasa lafiya, ya ce shi ma mai karɓar gaisuwa ne. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.