Allura Biyu Babu Zare

Jiya maɓallin rigata ta makaranta ya tsinke, Inna ta ce in duba gwangwanin ɗinkin Kaka. Tun rasuwarta ban buɗe shi ba. Har yanzu yana ƙamshin kanumfari.

Ganinta ya yi rauni, don haka kullum da safe nakan zura mata zare a allura uku, ta soke su a tsumma. Takan ce, "'Yar boko, ara mini idanunki kamin ki tafi."

Ranar ƙarshe na makara, ɗaya kawai na zura. Ta ce, "Je ki, sauran sai kin dawo." Kafin a tashe mu an wuce da ita asibiti a Gummi. Ba ta dawo ba.

Biyun suna nan a tsumman, babu zare. Na zauna ni kaɗai na zura musu, na rufe gwangwanin.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka.