Lambar Alli a Ƙofar Yaya Rabi

Na yi tafiyar kwana biyu daga ramin zinariya zuwa Wagadugu don a rubuta ni a cikin mutanen gida. Baƙo aka rubuta ni.

Sunana Idi. A unguwar Zongo ta Wagadugu aka haife ni. Shekarun baya, kafin a rushe ɓangarenmu na wajen unguwar Kuluba, an bi gida gida ana rubuta mutane. Magadan da aka tarar sun samu fili a bayan gari. Ni ina gonar koko a ƙasar Kwaddibuwa, labari bai iske ni ba sai da aka gama. Na dawo babu gidan babanmu, babu sunana a ko'ina. Tun daga nan ba ni da ɗaki nawa. Na yi dako, na yi gadi, na ƙare a rami wajen Hunde.

Ranar Litinin da la'asar Yaya Rabi ta kira ni. Ita kaɗai ta rage mini. Mijinta ya rasu, tana tuyar waina a ƙofar gidansu da ke gefen Zongo, inda rusau bai kai ba.

"Idi, sun rubuta lamba da alli a ƙofa. Alhamis za su dawo su rubuta mutanen gida."

"Rusau ne?"

"Yara sun ce anket ne, wai tambayoyi kawai. Wancan karon ma haka aka ce mana. Kar ya wuce ka sau biyu."

Ramin da muka yi wata huɗu muna haƙa ya kusa kaiwa ga zinariya. Dokar wurin, wanda ya tafi kafin a wanke ƙasa ba shi da rabo. Na bar musu.

Talata: daga rami zuwa Boromo

Ƙarfe biyar saura kwata na tashi. Riga biyu da tocila a leda. Abokan rami suna barci, ban tashi kowa ba. Mai babur ya kai ni Hunde, kilomita goma sha biyar, jaka guda ta sefa. Manyan motocin da ke tasowa daga garin Bobo suna zuwa a cike, suna wucewa. Sai ƙarfe sha ɗaya na samu wata ƙaramar mota mai buhunan masara a kai.

"Waga za ka kai ni yau?" na tambayi direba.

"In Allah ya so, tsoho. In kuma motar ta so."

Motar ba ta so ba. Saura kilomita bakwai a shiga Boromo ta mutu. Sauran fasinja suka zauna a inuwa suna kiran 'yan uwansu a waya. Ni ba ni da wanda zan kira ya zo. Na ɗauki ledata na taka. Na shiga Boromo bayan la'asar, na ci benga, wake da shinkafa, na dala hamsin. Mai shayi a tasha ya ba ni benci na kwana. Bai tambayi sunana ba, ban gaya masa ba.

Laraba: daga Boromo zuwa Waga

Ƙarfe shida da rabi na samu kujera a babbar mota, jaka uku. Kilomita kusan ɗari da tamanin. Sau uku aka sauke mu a shinge, kowa ya bi layi da katin shaidarsa a hannu. Bayan garin Sabu wani jandarma ya daɗe yana juya nawa.

"Ina za ka?"

"Gida."

"Ina ne gidan?"

"Zongo."

"Da sauran Zongo?" Ya miƙo mini katin. Na karɓa na koma mota.

Mun sauka ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Ban nufi gidan Yaya kai tsaye ba, na bi ta Kuluba da ƙafa. Inda gidan babanmu yake, yanzu katanga ce da ƙofar ƙarfe. Na auna da taku daga bakin titi, na tsaya daidai inda rijiya take. Mai gadi ya ce me nake nema. Na ce babu.

Lambar tana nan a ƙofar Yaya, fara sol. Yaya ta ɗago daga tanda ta dube ni.

"Ka rame."

"Kin tsufa."

"Shiga ka wanke wannan jar ƙasar, kar su rubuta mini jaki a gida."

Ɗaki biyu ne da zaure, mutum tara. Jikokinta ba su san ni ba. Suna hira, rabi Hausa rabi Faransanci, da na shigo suka yi shiru. Na kwana a masallacin unguwa.

Alhamis: a tsakar gida

Ƙarfe tara wata mata ta zo da riga mai tambari da babbar waya a hannu. Da Mosanci ta yi magana, mu ma da shi muka amsa. Na sa rigar da ta fi tsafta, na zauna kusa, katina a hannu.

Ta fara. Ina kuke ɗibar ruwa, minti nawa zuwa famfo? Akwai wuta? Wa ya yi ciwo kwanan nan, an kai shi asibiti? Wa ke aiki, wa ke nema? Sau nawa aka ci nama a mako? Yaya tana amsawa tana juya waina. Na gaji da jira.

"Madam, yaushe za a rushe? Filin a ina za a bayar?"

"Baba, babu rusau, babu fili. Gwamnati ke son sanin yadda mutane ke rayuwa. Gidan nan ƙuri'a ce ta faɗo kansa. Ko sunayen ma ba a fitar da su."

Na mayar da katina aljihu. Na tuna rami. A lokacin nan ƙila suna wanke ƙasa.

Ta ce akwai wanda ba ta sa ba tukuna, ta nuna ni da biro. Yaya ta ce, "Ƙanina ne, jiya ya zo."

Matar ta ce, "Ɗan gida a wurinmu shi ne mai kwana nan, mai ci daga tukunyar nan, wata shida. Ko wanda ya zo da niyyar zama haka. Baba, za ka zauna wata shida?"

Na dubi ɗakuna biyun. Na dubi takalman da ke ƙofa. Na dubi Yaya, idonta na kan tanda. Na jira ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

"A'a," na ce.

Matar ta danna wayarta. "Baƙo ke nan." Ta wuce zuwa tambayar makewayi.

Bayan azahar matar ta tafi. Na ɗaure ledata. Yaya ta tare ƙofa da kwanon ƙullu a hannu.

"Wa ya ce ka ce a'a?"

"Ba ki yi magana ba."

"Kai aka tambaya. Na yi shiru in ji ko kana so. Shekara nawa ina jira ka faɗa da bakinka? Kai da gidan 'yar uwarka sai an aiko maka goron gayyata?"

"Babu wuri."

"Zaure fa? Kekuna ne a ciki. Kekuna ba su da 'yar uwa."

Ta fizge ledar ta jefa ciki. Da magariba aka fito da abinci, na ƙirga kwanoni, goma ne.

Matar ba ta dawo ba. Damina ta wanke allin. Abokan rami sun samu zinariya, na ji labari, ban nemi komai ba. A takardar gwamnati har yau baƙo ne ni.

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa mai shayin Boromo. Yau watana bakwai a zauren Yaya Rabi. Ni ke hura wutar waina da asuba.