Ranar da Na Nema wa Baba Masauki

Ni ba mai yawo ba ce, duk wanda ya san ni a Unguwar Television zai shaida. Shekarata shida a unguwar lokacin, iyakata kasuwa da injin niƙa. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, Kaduna ke zuwa ta same ni: matan haya, masu talla, abokan aikin maigidana na masaƙa, kowa ya zo da nasa labarin, ni kuwa in kwashe in adana.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki daga hannun farar hula, yanar ido ta rufe wa mahaifina idanu biyu. Maigidana ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa kati a asibitin ido na ƙetaren kogi. Aka ce ya zo ranar Litinin a duba shi, a sa ranar aiki, kuma ya zo da shirin zaman mako uku. Wanda ranarsa ta wuce shi, sai ya koma bayan layi, wataƙila sai baɗi.

Muka share falo, muka sayi sabuwar katifa, na ɗinka labule. Mu biyun nan babu wanda ya tsaya ya yi tunani. Zaman birni ya sa mun ɗauka wasu abubuwan a ƙauye aka baro su.

Ranar Asabar da hantsi wani direban garinmu, mai zuwa ɗaukar atamfa a Kakuri, ya sauke Baba a ƙofar gida. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, bismilla, a shiga daga ciki."

Baba ya laluba da sandarsa, ya sami gindin mangwaron ƙofar gida, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a nan. Da maigidana ya kauce, sai ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, a ina aka sauke ni?"

"A nan mana, Baba. Ga falo can an gyara."

"A gidan mijinki? In kwana ina tari surukina yana ji ta bango? In fito da buta da asuba mu yi karo a bakin banɗaki? Ubana bai yi ba, ni ma ba a kaina za a fara ba. Direban nan ya ce da magariba zai juya. In babu wuri, ya biyo ya ɗauke ni. Idon da ya kai ni yau zai kai ni gobe."

Na san Baba. In ya hau motar nan, ba zai sake dawowa ba. Maigidana kuma aikin rana gare shi, ƙarfe biyu zai shiga, ko da ma yana nan Baba ba zai zauna kujera ɗaya da shi a mota ba. Ya tsayar mana da tasi shata, na ɗauki mayafina. Ko a jikina, don na san wuraren sauka a kudancin Kaduna kamar ni na gina su, duk da ban taɓa taka ko ɗaya ba.

Muka fara da wani otal a hanyar Kakuri wanda abokan maigidana ke yabo. Ko fitowa daga mota ba mu yi ba Baba ya karkata kai.

"Wannan ƙarar kwalabe ce nake ji, ko kunnena ne?"

Mai tasin, wani saurayi ɗan Binuwai mai son raha, ya ce, "Lemo ne, Baba."

"Yaro, lemo ba ya sa mutum dariya irin wannan da rana tsaka. Ja mu tafi."

Na biyu gidan saukar baƙi ne a Barnawa, shiru kamar ba kowa, da furanni da fanka. Ma'aikacin ya kai mu ɗaki a bene, ya danƙa wa Baba makulli. Baba ya juya makullin a hannu ya ce, "To, in na kulle kaina, wa zan yi wa ina kwana? Wa zai juya ni gabas?" Ma'aikacin ya ce akwai ƙararrawa a jikin bango. Baba ya miƙa masa makullinsa.

Daga nan sai Makera, gidan wani Alhaji ɗan ƙasarmu da na ji ana cewa zaurensa ba ya rabo da fatake. Gaskiya ne kuwa, ba ya rabo da su: mun tarar da buhunan barkono har rufi, mutum tara a kan tabarma uku, Alhajin kuma ya tafi Ikko. Baba ya yi atishawa sau biyar, muka fito.

A mota ya ce, "Uwata, kin yi ƙoƙari. Tunda an biya motar, zaga da ni in ji garin, in sami abin faɗa a gida."

Nan fa na saki baki. A tashar jirgin ƙasa na ce masa nan ne layin Ikko da na Fatakwal suke rabuwa, har na gaya masa inda masu doya ke sauke kaya. A bakin masaƙa na ce ya saurara, injin dubu ne ke kuka a ciki, ana shiga da auduga ta wannan ƙofa, zane ya fito ta waccan. Muka hau gada, na ce kogin nan faɗinsa ya yi daga gidanmu na ƙauye zuwa gonar fadama, kadoji kuma na kwance bisa duwatsu suna shan rana. Mai tasi ya dube ni ta madubi.

"Madam, ina kadojin?"

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Sun ji zafi sun nutse."

Baba ya yi dariya, karo na farko tun safe. Muka juyo ta Romi, muka gangara wajen Unguwar Boro, inda ake hango wutar matatar mai a saman dogon bututu. Na ce masa ba ta mutuwa, ko da damina. Ya ɗaga fuska ya daɗe, ya ce, "Kamar ina ganin wani ja-ja." Shi ne kaɗai abin da ya gani a Kaduna ranar.

La'asar ta yi sanyi, muna hanyar gida, sai maganar da na ji shekaranjiya ta faɗo mini. Gidan da ke jikin namu na wani dattijo ne ɗan Filato, Kirista, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, muna ce masa Baban Reluwe. Ina shanya na jiyo matarsa ta katanga tana mita, wai tun da autansu ya tafi hidimar ƙasa ɗakinsa na waje ya zama na ɓeraye, tsohon kuma ya ishe ta da labarin jirgi don ya rasa mai saurare.

Ban roƙe shi ba. Da na roƙa, Baba zai ce an kai shi bara. Da muka sauka sai kawai na ja tabarmar daga gindin mangwaro zuwa inuwar katangarsu, dab da kujerar da Baban Reluwe ke zama da rediyonsa. Na ce rana ce ta juyo. Na shige soro na kasa kunne.

Aka gaisa. Baba ya ce yau an kai shi tasha ya ji kukan jirgi, ya tuna lokacin da suke kai gyaɗa Funtuwa. Ai kuwa rediyo ya mutu nan take. Baban Reluwe ya yi shekara huɗu a tashar Funtuwa. Suka shiga lissafa wane ya mutu, wane yana nan, har na ji ya tambaya:

"To Malam, a ina aka sauke ka?"

"Ba a sauke ni ba. Da magariba zan koma."

"Ka koma? Da idon a haka? A unguwar da nake? Haba Malam, kada ka ja mini zagi. Ga ɗaki nan ƙofarsa a waje."

Baba ya ce, "Gidan naka ne, ko yana haɗe da na yaron nan?"

"Da kuɗin sallamata na gina shi, bulo ɗaya ba na kowa a ciki. Gabas kuwa ga ta can, ta inda jirgin safe ke fitowa. Ni zan riƙa juya ka."

Da direban atamfa ya iso yana hon, Baba na alwala a ƙofar sabon ɗakinsa. Ya ɗaga hannu ya ce a gaida gida.

Kwana ashirin da uku ya yi. Tuwo ta kan katanga nake miƙawa, tsofaffin biyu su ci a kwano ɗaya. Aka yi aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai bayan watanni, aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Falona dai bai taka ba har ya tafi, katifar nan baƙi ne suka ci moriyarta.

Ana gobe zai koma ya ce a kira mai tasin nan, a sake zagayen. A kan gada ya sa aka tsaya, ya fito ya dafa ƙarfe, ya gyara tabarau, ya duba dama ya duba hagu.

"Uwata, kogin nan bai kai gonar fadama ba. Rabi ma da ƙyar."

"Baba, ni ma ran nan na fara ganinsa. Da aka kawo ni, kaina a rufe yake."

"Na sani," in ji shi. "Tun a wajen kadoji na gane. Mu je ki nuna mini wutar nan, ita dai na san da gaske kike."