Garin Katako a Buhun Dussa

Baba, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina aji uku, bayan rasuwar mahaifina. Shi ya hana a cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, kuma shi ya kai ni Maradi da kansa ranar da zan fara karatun koyarwa, yana ɗauke da akwatina a ka har bakin ƙofa. Na fara da wannan ne don a san wane irin mutum na tsaya gaban alƙali na ba da shaida a kansa.

Sana'arsa hatsi da abincin bisashe. Yana da mangaza, babban shagon ajiye buhuna, a gefen kasuwar Dakoro, yana sayo dussar alkama daga Maradi a babbar mota, ya sayar wa masu turka a gari da makiyayan da ke gangarowa daga arewa. Mutum ne mai sanyin magana. In gardama ta tashi a kasuwa kan awo, shi ake kira ya raba, kuma abin da ya faɗa shi ke zama.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi gardama. Haki, ciyawar kiwo, bai fito sosai a arewa ba, kafin bazara ta kai tsakiya daji ya koma fili. Ni a lokacin ina koyarwa cikin gari, ina kuma turkar rago ɗaya a bayan ɗaki kamar sauran matan unguwarmu. Akwai wata Bafillata daga wajen Azagor da ke kawo mini nono da man shanu duk ranar kasuwa. Shekara shida muna tare, har ta zama ƙawa, takan yi sallar azahar a ɗakina ta huta kafin ta koma.

Wata ranar kasuwa ta zo da ƙwarya wayam. Ta ce shanu sun daina ba da nono, wasu ma sai an ɗaga su kafin su miƙe. Tana magana idonta na kan ragona, wanda ya yi ƙiba har yana tafiya da ƙyar.

"Madam, mi kike ba ragon nan?"

"Dussa ce kawai, ta wajen Babana," na ce mata. "Ki zo da maigidanki in kai ku. Wajensa ba a cutar mutum."

Ni na kai su da ƙafata. Maigidanta ya sayar da bijimai biyu don ya ceci sauran garken. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya kwance bakin buhu ɗaya ya ce ya duba. Mutumin ya tsoma hannu, ya shaƙa, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Aka cika amalanke biyu. Da labari ya kai rugarsu, danginsa ma suka zo suka saya.

Bayan kamar sati uku, ina tsaye gaban allo sai na hango ƙawar tawa ta taga, tsaye a rana a filin lakwal. Ba ranar kasuwa ba ce. Na fita. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce shanu sun kumbura, sun daina tuƙa, kashi ya tsaya musu. Bakwai sun mutu a garkensu kaɗai, har da saniyar da ta gada wajen mahaifiyarta. Likitan dabbobi ya je ya farka tumbin ɗaya, ya samu wani dunƙule mai tauri kamar ɗanyen tubali.

Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini wani gari a tafin hannu. Ta ce daga tsakiyar buhu aka ɗebo shi. Na murza, na ji rairayi yana ƙaiƙayi tsakanin yatsuna. Na kai hanci. Warin da na ji na san shi sarai, warin sabon bencin aji ne ranar da aka kawo shi daga wajen masu aikin katako.

"Cutar Baba aka yi a Maradi," na ce mata da sauri. "Shi ma bai sani ba. Wallahi bai sani ba."

Ta dube ni, ta ɗaure bakin zanenta ta tafi.

Da aka tashi na koma gida na jawo buhun ragona tsakar gida, na zazzage shi duka a kan tabarma. Na bi shi da hannu tun daga sama har ƙasa. Dussa ce zalla, ko tsinke babu. Na zauna a ƙasa nan inda nake. Sai a lokacin na tuna cewa Baba bai taɓa barina na ɗauki dussa a mangaza ba. Duk sanda na je sai ya ce, "Taki tana gida, ɗiyata, a kai miki." Na kuma tuna buhunan garin katako da na gani jibge a tsohon ɗakin bayan gidansa. Da na tambayi Inna, matarsa, ta ce na hura wuta ne da shimfiɗar kaji. Gidan ba ya da kaji fiye da biyar.

Bayan la'asar na same shi a zaure yana jan tasbaha. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani. Ina jira ya fusata, ko ya rantse, ko ya ce ƙarya ake masa. Da ya yi ɗaya daga cikinsu da na yarda da shi nan take, don abin da na zo nema ke nan. Sai ya ajiye tasbahar a cinya ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi in yana raba gardama.

"Bana kowa hakanan yake yi. Buhu ya yi tsada, in ba a ƙara wani abu ba, mutum ba ya fita."

"Baba, shanu sun mutu."

"Shanun da yunwa ta riga ta gama da su. Ki gaya mini, mi na sata? Na shiga garken wani? Na kwance saniyar wani? Mai saye ya buɗe, ya duba, ya biya."

Muryar ita ce wadda ta koya mini karatun sallah, fuskar ma ita ce, babu abin da ya canza a cikinta. Na tashi na fito, har na wuce ƙofar gidana ban sani ba.

Kwana biyu bayan haka jandarmomi suka sa wa mangazar kwaɗo suka tafi da Baba. Likitan dabbobin ne ya kai rahoto. Dangi suka taru, aka yanke shawarar a je wajen sarki a yi sulhu, kamar yadda ake yi in shanu sun shiga gona ko an yi rigimar iyaka. Makiyayan ma sun yarda. Sun gaji, ba sa son zaman gari, so suke a mayar musu da wani abu su koma wajen sauran bisashensu. Muka tafi gidan jandarma da dattawa huɗu, muna ganin magana ta ƙare.

Komandan ya saurare mu har muka gama. Sannan ya ce abin da za a biya makiyaya, wannan ana iya daidaitawa. Amma mutumin da ya sayar da abu ya ce dussa ce, alhali ya san ba ita ba ce, ya yi laifi ne a gaban doka, kuma ko masu shanu sun yafe, maganar sai ta je gaban alƙali.

Wani dattijo cikinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ciniki ne. Ba ɓarawo ba ne."

"Alhaji," in ji komandan, "doka ba ta ware wanda ya haura katanga kaɗai ba. Wanda ya karɓi dukiyar mutum da yaudara, shi ma akwai zaman gidan kaso a kansa."

Ni kaina, da nake koya wa yara darasin zaman ɗan ƙasa, ban san haka ba. Tun tasowata na ɗauka algus abu ne tsakanin mutum da Ubangijinsa, a yi masa wa'azi, a daina sayen kayansa, shi ke nan.

Sai takardar kira daga wajen alƙali ta iso mini, don ni na kai masu sayen. Inna ta zo gidana da hantsi, ta ƙi zama a tabarma. Ta ce Baba zai gaya wa alƙali cewa haka buhunan suka zo masa daga Maradi, ni kuma abin da ake so in ce kawai ban san komai ba.

"Shi ya riƙe ki," ta ce. "Ba sai na tuna miki ba."

Bayan ta fita na tambayi maigidana. Ya ce, "Rantsar da ke za su yi. Abin da aka tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani. Abin da ba a tambaye ki ba, ki bar shi."

Ranar shari'a ɗakin ya cika, ƴan kasuwa a gefe ɗaya, makiyaya da rawunansu a ɗaya gefen. Aka shigo da buhu biyu daga mangazar, wani jandarma ya tsaga ɗaya da wuƙa daga sama har ƙasa. Abin da na gani ya fi duk abin da na zata. Kamu ɗaya a sama dussa ce mai kyau, kamu ɗaya a ƙasa ma haka, ko da mai saye zai ce a kwance ta gindi. Tsakiyar kuwa ja ce, garin katako da rairayi da ƴar dussa kaɗan. Aiki ne na natsuwa, wanda aka zauna aka yi wa tunani. Ɗinkin bakin buhun kuma na Baba ne, mai ƙulli biyu a ƙarshe, na san shi tun ina yarinya.

Da aka kira ni, alƙalin ya yi tambayoyinsa da Faransanci, tafinta yana juya wa jama'a.

"Dussar da kike ba ragonki, daga ina take?"

"Daga wajensa."

"Daga mangaza?"

"A'a, daga gida ake kawo mini."

"Kin taɓa samun katako a ciki?"

"Ban taɓa ba."

"Kin taɓa ganin garin katako a gidansa?"

Na ji Inna ta yi gyaran murya a bayana. Baba yana zaune ƙasa da taku biyar daga inda nake, kansa a sunkuye. Na ce na gani. Alƙali ya tambayi wurin, na faɗa. Bai ƙara tambayata komai ba, ya ce in zauna.

An yanke masa wata takwas a gidan kaso, da tarar kuɗi, da biyan shanun da suka mutu. Mangazar aka sayar aka biya. Dangi suka rabu biyu a kaina, kuma ɓangaren da ya daina amsa gaisuwata ya fi yawa. Na kai masa abinci gidan kaso sau biyu ana dawo mini da kwanon a rufe yadda na kai shi. A karo na uku ya dawo wayam, an wanke.

Ƙawata ba ta sake zuwa gidana ba. Abin da aka biya su ya zo a makare, bayan garken ya ragu ƙwarai, kuma saniyar da aka saya a kasuwa ba ta zama kamar wadda aka haifa a garke. Daga baya na ji maigidanta yana kiwon shanun wani ɗan kasuwa a wajen Ɗan Gulbi. Na aika mata da turmin zane ta hannun wata ƴar rugarsu. An ce ta karɓa, ta ce a gaishe ni da yara.

Baba ya fito ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Bai koma kasuwa ba. Yanzu yana noma ƴar gonarsa, da yamma ya zauna a ƙofar gida. Nakan je gaishe shi duk Juma'a. Yana amsawa, yana tambayar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Sau ɗaya kawai, ina shirin tashi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Har da ta mahaifiyar ƙawar taki, ko? Saniyar."

Na ce, "Har da ita, Baba."

Na jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, sai na yi masa sallama na tafi.