Hannun Wani a Injin Motata

A zuriyarmu ba a kai mota wurin baƙon bakanike. Muna da Kawu, ƙanen mahaifiyata, mai gareji a Gwandu, kuma duk wanda ya kai ƙarfensa wani wuri kamar ya tsallake tuwon gidansu ne ya je ya ci na maƙwabta. Kawu da kunne yake gyara. Ya buɗe murfin inji, ya zura reza tsakanin bawul, ɗan marufin da inji ke shaƙa da fitar da hayaƙi ta wurinsa, da tafet, ƙarfen da ke tura shi, ya ɗan juya sukuru, sai ka ji inji ya daina surutu.

Ni kuwa ina son gudu, ba na ɓoyewa. Aikina yana Kalgo, iyalina suna Gwandu, hanyar kuma idan ta miƙe sai ƙafata ta yi nauyi a kan totur. Motar da na saya daga Kwatano tana tafiya lafiya lau har sai allurar inji ta hau sama. Daga nan sai ta fara tari, ƙarfinta ya zube, masu a-kori-kura ɗauke da albasa su wuce ni suna yi mini hon. Abin yana ƙona mini rai ƙwarai.

Na kai wa Kawu. Ya ɗauko rezarsa, ya buɗe murfi, ya tsaya yana leƙe.

"Ina sukurun wagga mota?" in ji shi.

Babu sukuru. Tafet ɗin irin wannan inji mai ne yake cika su, su daidaita kansu da kansu. Idan inji ya yi gudu sosai kuma sifirin, naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke mayar da bawul, ba shi da ƙarfin rufe shi da wuri, sai tafet ya ƙara shan mai ya kumbura, ya hana bawul zama. Wannan duk daga baya na sani. A ranar dai Kawu ya ce ciwon bai fi ƙarfinsa ba. Ya juye mata baƙin mai mai kauri kamar kunu, irin wanda yake kashe ƙarar tsofaffin motoci da shi, sannan ya jera washa, wato ƙananan zobban ƙarfe, a ƙarƙashin kowane sifirin don ya ƙara tauri.

"Tahi ka taka ta," ya ce mini, "in ta yi tari ka dawo ka tsine min."

Na taka ta. Ban wuce Kambaza ba na ji ƙas, sifirin guda ya karye, don an matse shi har ba shi da wurin lanƙwasawa. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya tsaya ya yi mini jaje sosai.

Ban koma wurin Kawu ba. Na sa aka ja motar zuwa Kalgo, wurin wani bakanike da abokan aikina suke yabo. Ya sa sababbin sifirin masu ƙarfi na ainihi, ya canza tafet da irin waɗanda ba sa riƙe mai da yawa, ya zubar da kunun Kawu ya zuba mai marar kauri. Mota ta dawo tana gudu har sai ni na ji tsoro na ɗaga ƙafa. Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa don kada in bi ta gaban garejin, na kuma gargaɗi matata kada ta faɗa wa Inna.

Ranar sunan ɗan ƙanwata dabara ta ƙare. Bayan an shafa fatiha Kawu ya fito, ya buɗe ƙofar gaba ta motata ya zauna, ya ce in sauke shi a Maruda, zai yi gaisuwa. Muka hau hanya ina lallaɓa totur kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Mi kaka tsoro? Taka ta."

Na taka. Allura ta hau, ta wuce inda take tari, inji yana kuka siriri babu gargada. Kawu ya karkata kai, ya rufe ido, ya daɗe a haka. Ni kuwa ina ta shirya ƙarya a raina, ban samu wadda za ta shiga kunnensa ba.

"Wanga ba hannuna ba ne," ya ce.

"Kawu, wallahi sifirin ne ya..."

"Na jiya. Ban tambaye ka ba." Ya buɗe ido yana kallon gonakin gero. "Yaron ya iya. Can za ka riƙa kai ta, kak ka sake kawo min in ɓata maka. In za ka zo wurina, ka zo ka gaishe ni kawai."

Da muka isa Maruda ya sauka, ya rufe ƙofar a hankali. Na ce zan jira shi mu koma tare. Ya ce a'a, in tafi, zai hau mashin.