Kwana Tara Zuwa Jidda

Duk sanda ƙanshin kifin banda ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi kamar wanda ake nema. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, har yau ban warke ba.

Ba a daɗe da yanke mana jiha ba Kaka ya samu kujerar Makka. Mu masunta ne, gidanmu na bakin ruwa kusa da Yelwa, kuma a wurinmu da kwana ake auna tafiya, da kwana ake auna guzuri. Mai gangarawa Warra a kwale-kwale ya san abin da zai ƙunsa, mai haurawa Shanga ma haka. To, daga filin jirgin Sakkwato zuwa Jidda fa? Babu wanda ya sani. Sai aka ce a kira ɗan boko. Ni ke nan, mai aji uku, wanda rabinsa ma bisa mangwaro na yi shi.

"Kai, ja'iri, kwana nawa na?" in ji Kaka.

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma matan gida sun zuba mini ido. Na ɗaga kai sama, na motsa baki kamar mai lissafi, na ce, "Tara."

Kaka ya shafa gwiwarsa mai ciwo. "Kwana tara zaune bisa iska? Allah shi ba mu iko."

Ranar nan Inna ta hura banda. Kifin da za a kai kasuwa, tarwaɗa da karfasa, duk ya koma buhun Kaka. Mako guda hayaƙi bai ɗauke ba, mu kuwa muka koma miyar kuka lami. Sau uku ina zuwa in faɗi gaskiya, sau uku ina ganin jajayen idanun Inna in juya.

Direban da ya kai su Kaka Sakkwato ne ya ƙarasa ni. Na tambaye shi a ɓoye, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jirgin sama? Ai kafin in dawo Yelwa sun sauka!"

Daga nan zama ya gagare ni. In jefa ragar birgi a ruwa, in manta ban jawo ba. In ji ƙarar mota, in faɗa bayan rumbu. Har ƙunshin kaya na yi, don in Kaka ya dawo in gudu wurin Gwaggo a Ngaski.

Ya dawo ban gudu ba. Gida cike da masu barka, ya ce, "Ina ja'irin?"

Ashe jirginsu bai zo da wuri ba. Kwana takwas suka yi a sansanin alhazai suna kallon sama. Guzurin kowa ya ƙare, sai buhun Kaka, shi ya ciyar da mutanen ɗakinsu. A na tara suka yi azahar a Sakkwato, isha a Jidda.

"Kwana tara cif," ya gaya wa jama'a. "Yaron ga ya san jirgi."

Aka yi ta shi mini albarka. Da mutane suka watse ya kama kunnena, ya murɗa a hankali. "Direba ya gaya mini tun a hanya, tafiyar 'yan awoyi ce. Allah ne ya rufa maka asiri, kada ka ƙara."

Bana ƙanena zai tafi Makka. Ɗansa ya latsa waya, ya karanto mana nisan da awoyin, babu ko gargada. Na ce na ji, ilimi ya yi. Sannan na leƙa wurin uwargidana, na ce ta hura banda.